Alli a Tsakiyar Yadi

Talata, 5 ga Agusta, bayan la'asar

An kwantar da Ummi a asibiti. Tun Asabar take kuka, hannuwa da ƙafafu sun kumbura, ba ta yarda ko a taɓa ta. Ni da nake aikin gwajin jini shekara da shekaru, ni na ce musu sanyin damina ne, a shafa mata man zafi. Yau likita ya ce sikila ce. An gwada, an rubuta SS.

Na ce ƙarya ne, a gaban likitan, har nas ta waiwayo ta dube ni. Ummi 'yar ƙanena Adnan ce, shekararta biyu, kuma ni na gwada iyayenta da hannuna kafin a ɗaura aure. Adnan AA, matarsa Hanifa AS. Na ce a sake. Aka sake, abin da ya fito ɗazu shi ya kuma fitowa.

Na dubi Hanifa. Tana zaune a bakin gado tana hura wa ƙafar yarinyar iska.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan magariba

Na ja Adnan zuwa wurin aikina, na ɗebi jininsa, na tsaya a kan gwajin ban ko fita cin abinci ba. AA. Gwajina daidai ne.

Da na tsaya a nan da na huta. Amma muna shiga gida mahaifiyarmu Hajiya ta tare mu a tsakar gida, tana zaune gaban keken ɗinkinta. Ba ta faɗin sunana tunda ni ce 'yar fari, Likita take ce mini in tana son tsokana. Yau babu tsokana a muryarta.

Ta ce, "Likita, wannan ciwon ba uwa da uba ne suke haɗuwa su ba yaro ba?"

Na ce haka ne.

"To shi kin ce ba shi da shi."

Sai bakina ya saki abin da na saba faɗa wa duk masu shirin aure da suka zo mini, kamar karatun da na haddace: "Ai mai AA da mai AS ba sa haifar SS."

Hajiya ta ɗauke ƙafarta daga kan keke. Ta ce, "To daga ina ɗayan ya fito?"

Adnan ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya shige ɗakinsa. Magana zarar bunu. Wallahi ni kare aikina nake yi, ban san wuƙa na miƙa musu ba.

Juma'a, 8 ga Agusta, da hantsi

Adnan bai je asibiti jiya ba. Wai aiki ya yi masa yawa a makaranta. Wane aiki, ana hutu?

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan azahar

An sallami Ummi. Ba nan Tudun Wada aka kawo ta ba. Hajiya ta aika cewa Hanifa ta wuce gidansu a Hanwa ta huta tukuna, wai can ya fi iska. Kowa ya san irin wannan hutun. Ba a yi saki ba, ba a yi faɗa ba, ba wanda ya furta kalmar, ni ma ba zan rubuta ta a nan ba.

Adnan ya sa kwaɗo a ƙofar ɗakinsu, ya koma kwana a ɗakin zaure. Takalmin Ummi ɗaya, ɗan ja na roba, yana nan gindin randa. Kowa yana tsallake shi.

Litinin, 11 ga Agusta, da safe

Gwajina daidai ne. Na sake duba komai. Daidai ne.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan la'asar

Sunan Hajiya aka sa wa yarinyar nan, Ishatu, shi ya sa muke ce mata Ummi. Tun ranar suna Hajiya ba ta kiranta sai da takwarata. Takwarata ta ci? A kawo mini takwarata in goya. Yau ta ce mini, "Kin ji labarin jikin yarinyar nan?"

Yarinyar nan! Na ajiye kwanon da ke hannuna da ƙarfi har miya ta fantsama. Na ce, "Hajiya, tana da suna, naki ne ma." Ta ce kar in yi mata tsawa a gidanta. Na ce ban yi ba. Na yi.

Abin da ke ba ni haushi, Hajiya ba muguwa ba ce. Ita ta yi wa Hanifa wankan jego da kanta, ta hana a mayar da ita gida. Yanzu ga ta nan ta rame, ba ta cin abinci, ta koma shan ganyen ugu da madara wai jininta ya sake yin ƙasa. Tun muna yara haka take, kullum ƙarancin jini, kullum a koɗe.

Asabar, 16 ga Agusta, da yamma

Na hau keke napep na je Hanwa. Baba Kailani, mahaifin Hanifa, yana zaune a ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da kyau, abin da ya fi mari ciwo ke nan. Ya ce, "Atika, ni ban san AA ba, ban san SS ba. Abin da na sani, ɗa na mai shimfiɗa ne, haka shari'a ta ce. Kuma na san 'yar da na haifa."

Ummi ta samu sauƙi, kumburin ya saɓe. Da ta gan ni ta rugo tana cewa Anti, sai ta leƙa bayana. Na san wanda take nema.

Na ce wa Hanifa akwai gwajin DNA, a yi kawai a rufe bakin kowa. Ban taɓa ganin idonta haka ba. Yarinyar da ko ruwa za ta miƙo mini sai ta rusuna.

Ta ce, "Yaya, in ciwon Ummi za a gwada, a ɗebi jininta, a ɗebi nawa, har ya ƙare. Amma in gwada ni za a yi, a ga ko 'yar wa ce, ban yarda ba. Ranar da aka yi wannan, ko me ya fito, ni da Baban Ummi mun gama."

Na ce ai don ita ce. Ta ce, "Don ku dai."

Na dawo ruwa ya yi mini dukan tsiya daga bakin titi zuwa gida, kuma na ga ya dace da ni.

Talata, 19 ga Agusta, bayan azahar

Na je wurin Ogochukwu. Tare muka tashi a layinmu, shagon magungunan babanta yana jikin gidanmu, uwarta ce ma ta koya wa Hajiya shan ugu. Tare muka yi makarantar koyon aikin gwaji, ni na tsaya a nan, ita ta wuce har ta zama dakta, yanzu tana binciken ƙwayoyin gado a jami'a. Girman kai ne ya hana ni zuwa tun farko, ba wani abu ba.

Na zayyane mata komai. Ta ce, "Atika, kin ƙirga ƙwayoyin jinin Adnan kuwa, ko irin kawai kika duba?"

Na ce ƙirge kuma na mene ne, mutum lafiyarsa ƙalau.

Ta ce, "Ke dai kawo min jininsa, da na yarinyar. Kuma ki daina hura min hanci, ba ni na kashe zomon ba."

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

Hanifa ta yarda da na rantse mata ciwon za a duba. Adnan ya miƙo hannu bai tambayi komai ba, ya kawar da kai. Ya bar gemu ya yi buzu-buzu. Tausayi yake ba ni, kuma ji nake kamar in kwaɗa masa mari.

Ogo ta kira ɗazu. Injinsu yana auna yawa, ba iri kawai ba. Abu biyu ta gani. Jajayen ƙwayoyin jinin Adnan ƙanana ne, sun fi na mutane ƙanƙanta. Jinin Ummi kuma ba S zalla ba ne, akwai ɗan A kaɗan a ciki wanda gwajin asibiti bai kama ba. Ta ce tana zargin wani ciwon gado da ake kira talasimiya, wanda mai ɗauke da shi yakan fito AA a irin gwajina, amma in ya haɗu da S a jikin ɗa sai ya yi aikin sikila. Mun karanta shi a makaranta, shafi ɗaya, muka ce na Larabawa da Indiyawa ne muka wuce.

Ta ce zargi ne tukuna. Za ta karanta ƙwayar gadon Adnan harafi bayan harafi, ta nemo inda matsalar take. Kar in faɗa wa kowa.

Na yi sujada a ɗakin gwaji, a kan siminti.

Lahadi, 24 ga Agusta, da hantsi

Hajiya ta ɗauke takalmin daga gindin randa. Ban ga inda ta kai shi ba.

Laraba, 27 ga Agusta, bayan magariba

Babu.

Ogo ta ce ƙwayar gadon da ke ƙera jini sassa biyu gare ta, wanda jiki yake karantawa ya yi aiki da shi, da wanda yake yankewa ya zubar. Yawanci wannan ciwon a sashen da ake zubarwa yake ɓuya, ko a bakin iyaka. Ta duba can, lafiya lau. Ta duba sashen da ake karantawa, abin da yake ƙerawa daidai yake da na kowa. Harafi ɗaya ne kawai ya bambanta, shi ma irin wanda ba ya canza komai ne, kwamfuta ma wuce shi ta yi.

Na ce to ƙananan ƙwayoyin fa? Ta ce yana iya zama ƙarancin jini na yau da kullum. Muryarta ta yi sanyi. Ta ce, "Ki bar ni in sake zama a kai."

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan asuba

Na buɗe hotunan Ummi a waya ina neman kunnen Adnan, ina neman goshinmu. Na daɗe ina nema kafin na gane abin da nake yi. Astagfirullah. Ni ma ashe.

Asabar, 30 ga Agusta, da yamma

Wasu dangi sun zo gaishe da Hajiya, gaisuwar da ba ta Allah ba. Ina jin su daga madafa suna cewa ruwa ba ya tsami banza, gara Adnan ya sallami Hanifa tun yana da sauran mutunci. Na fito da muciya a hannu na ce duk wadda ta ƙoshi ta kama hanya, hadari ya haɗo. Hajiya ba ta tsawata mini ba. Ba ta kuma tsawata musu ba.

Bayan sun tafi Adnan ya same ni ya ce, "Yaya, ke kika ce ba ya yiwuwa." Na ce na faɗa. Ya ce, "To ni me zan yi?" Sai ya fashe da kuka, ƙato da shi, ya ce kullum sai ya je bakin layin su Hanifa a kan babur ya tsaya, ya kasa shiga, ya juyo.

Na roƙe shi kar ya rubuta komai, kar ya furta komai, ya ba ni kwanaki. Ya ce to.

Litinin, 1 ga Satumba, da hantsi

Ogo ta faɗo mini wurin aiki, lemarta tana ɗigar ruwa, ko sallama babu. Ta ce, "Harafin nan ne! Wanda muka raina!"

Na ce ba ke kika ce ba ya canza komai ba?

Ta ce ba ya canza abin da ake ƙerawa, wannan gaskiya ne. Amma sassan nan biyu ba su rabu tsaf kamar yadda muke zana su a allo ba, suna hawa kan juna. Alamomin da ke gaya wa jiki inda zai yanka, ba duka ne suke a gefe ba. A cikin sashen da ake karantawa ma akwai wani wuri da ya yi kama da alamar yanka, saura ƙiris ya cika. Harafin Adnan shi ya cika shi. Don haka jiki yakan zo nan ya yanka tun bai kai iyaka ba, abin ya lalace, a zubar. Lokacin da ya tsallake ya yanka daidai, sai ya ƙera A mai kyau, amma kaɗan. Ta koma littattafai ta tarar an san wannan canjin, an rubuta shi tuntuni, ita ce ta yarda da kwamfuta.

Na ce ke nan gwajina...

Ta ce, "Gwajinki daidai ne, uwar 'yan taurin kai. A ne, babu S ko ɗigo. Iri kika tambaya, ya gaya miki iri. Ba ki tambaye shi yawa ba."

Yau za ta duba wurin a jinin Ummi. Na fasa kwalba biyu yau.

Laraba, 3 ga Satumba, bayan azahar

Yana nan a jinin Ummi. S daga uwarta, harafin nan daga ubanta. Alhamdulillahi. Alhamdulillahi.

Laraba dai, bayan magariba

Adnan na fara gaya wa. Ya zauna a ƙasa a zaure ya rufe fuska da hula.

Hajiya ce aiki. Na yi bayani, ta ce in daina yi mata turanci da Hausa. Sai na jawo wani yadi daga kan kekenta, na ɗauki allin da take zana layin yanka da shi. Na ce, "Hajiya, in za ki yanka riga, a ina kike sa alli?" Ta ce a gefe mana, inda za a zubar. Na shata layi a tsakiyar yadin, inda ƙirjin riga zai zauna. Na ce, "In mai yanka ya zo ya ga wannan fa?"

Ta ce, "Sai ya ɓata mini yadi."

Na ce yadin bai canza ba, launinsa ɗaya, zarensa ɗaya, duk wanda ya duba zai ce mai kyau ne. Alli ne kawai ya faɗa inda bai kamata ba. Haka jinin Adnan yake. In an yanka goma, kaɗan ne ke fita riga. Shi bai ji a jikinsa ba don wanda ya gada ta ɗaya gefen mai kyau ne, shi ke rufa masa asiri. Ummi kuwa na ɗaya gefen S ne.

Ta daɗe tana kallon yadin. Ta ce, "Shi kuma a ina ya samo?"

Na ce ko wurin marigayi Baba, ko wurinki.

Ta naɗe hannun rigarta ta miƙo mini. "Ɗebi."

Asabar, 6 ga Satumba, da hantsi

Na Hajiya ne. Shekarun nan duka da take shan ugu da madara.

Da na gaya mata ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ashe ni na ba ta." Na ce ba laifin kowa ba ne, rabo ne. Ta ce, "Ciwon ba laifina ba ne. Sauran fa?" Ta tashi ta shiga ɗaki, sai na ji keken ɗinki yana ta gudu. Ta buɗe adakarta neman zare, na hango ɗan jan takalmi a ciki, an naɗe shi a ɗankwali.

Lahadi, 7 ga Satumba, bayan isha'i

Mun je biko. Hajiya ta ce ba za ta aika kowa ba, da ƙafarta za ta je. Ta ɗinka wa Ummi riga mai dogon hannu saboda sanyi.

Baba Kailani ya saurare mu har ƙarshe. Adnan ya durƙusa ya kasa haɗa magana, sai a yi haƙuri, a yi haƙuri. Baba ya ce shi ba a yi masa komai ba, a shiga ciki a samu wadda aka yi wa.

Muna shiga Hajiya ta ce, "Ina takwarata?" Ummi ta maƙale a bayan uwarta tana leƙe, sai da ta ga ubanta ta saki zane ta rugo. Ya ɗauke ta yana ta sumbatar hannuwanta.

Hanifa ta durƙusa ta gaida Hajiya yadda ta saba, ta kawo ruwa. Hajiya ta kama hannunta ta ce, "'Yata, na zalunce ki, ki yafe mini." Hanifa ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Hajiya." Na ce a raina shi ke nan, an gama, har na fara tunanin wa zai ɗauko akwati.

Na bi ta madafa don in taya ta. Ina ta zuba, ina ba ta labarin Ogo da lema da alli, ina dariya. Ta bar ni na gama. Ta ce, "Yaya, na gode, kin yi wahala." Sai ta juyo. "In tambaye ki mana. Harafi ɗaya kika ce, har kwamfuta ta wuce shi?"

Na ce ƙwarai, Allah ne ya sa Ogo ta koma.

"Da ba ta koma ba fa? Da yau Ummi 'yar wa ce?"

Na buɗe baki. Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba a Tudun Wada kaf.

Ta ce, "Shekara uku ina gidanku. Kun ga kwanana, kun ga tashina. Duk wannan bai kai harafi ɗaya ba." Ba da faɗa ta faɗa ba, tana goge kofi. Ta ce Ummi 'yarmu ce, za a riƙa kawo mana ita yini duk Juma'a, a kula da maganinta, kar a bar ta ta taɓa ruwan sanyi. Ita kuma zancen komawarta, ba ta sani ba tukuna.

Mun dawo mu uku a keke.

Talata, 9 ga Satumba, da safe

Wasu masu shirin aure sun zo gwaji. Na rubuta musu AA da AS, na ce su dakata in ƙirga ƙwayoyin jinin. Saurayin ya ce sauri suke yi. Na ce zauna.

Juma'a, 12 ga Satumba, bayan la'asar

Baba Kailani ya kawo Ummi da kansa, sanye da rigar. Hajiya ta goya ta tun safe, takwarata kaza, takwarata kaza, ta fito da takalmin ta sa mata, ashe ya yi mata kaɗan. Adnan ya yi aski. Ya share ɗakinsu jiya, ya wanke labule, ya mayar da kwaɗon.

Da azahar Ummi ta zame daga bayan Hajiya, ta tafi tiƙis-tiƙis har ƙofar ɗakin. Ta sa tafin hannu tana bugawa, tana cewa, "Mama, buɗe. Mama, buɗe."

Adnan yana tsaye da makulli a hannu. Ya dube ni, kamar ina da wani gwajin da ya rage.